Katin Inshora da Likitan Unguwa: Ina Mai Lalura Zai Dosa?

Duk wanda ya tsaya da hantsi a bakin Asibitin Murtala da ke Ƙofar Mata, wanda En'e ta gina a zamanin Sarki Abdullahi Bayero ana kiransa Asibitin Cikin Gari, ya ga yadda jama'a ke kwararowa daga Yakasai da Zango da Fagge, har da mutanen ƙauyuka masu nisa, kowa da mara lafiyarsa, zai gane cewa a zuciyar Bakano babban asibiti shi ne mafarin neman magani. Alhali tsarin inshorar lafiya, wanda waɗansu daga cikin waɗannan mutane suna da katinsa a aljihu, an gina shi ne bisa wata ƙa'ida dabam, wato mutum ya kasance yana da asibiti guda da ya san shi, wanda nan zai fara zuwa, daga nan kuma a tura shi gaba idan lalura ta yi tsanani.

Asalin al'amarin dokar tarayya ce ta 1999, wadda ba ta fara aiki ba sai 2005, sa'an nan a 2022 aka sake ta, aka kafa hukumar NHIA, aka mai da shiga inshora wajibi a kan kowa. Jihar Kano kuwa ta yi tata dokar a 2016, ta kafa hukumar taimakekeniyar lafiya, KSCHMA, wadda ake cire wa ma'aikata wani kaso na albashi dominta. Akwai kuma asusun da dokar lafiya ta 2014 ta ware wa kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar tarayya, domin kula da lafiya a matakin farko, wanda daga cikinsa ake biya wa masu ƙaramin ƙarfi. Wanda zuciyarsa ke ɗar-ɗar da halascin abin, ya sani fuƙaha'u sun bambance inshorar kasuwanci mai garari a cikinta da ta ta'awuni, kuma majalisar fiƙihu ta ƙasashen Musulmi ta halatta ta biyun tun 1985.

To, ga inda maslahar take. A ranar da mutum ya yi rajista, ana ba shi zaɓin asibitin da zai zama nasa daga cikin waɗanda hukuma ta amince da su, na gwamnati ko na kuɗi, kuma daga ranar nan duk wata ana aika wa asibitin nan wani adadi na kuɗi da sunansa, ko ya je ko bai je ba, ko ya kwanta ciwo ko Allah ya ba shi lafiya shekara guda cur. Saboda haka magidancin da ya shiga ɗakin likita da katinsa yana sunkuyar da kai kamar mai roƙon sadaka bai san matsayinsa ba, domin haƙƙinsa ya zo karɓa, wanda aka riga aka biya. Haka nan wanda ya bar magatakarda ya rubuta masa kowane asibiti don gaggawa, ya wayi gari sunansa yana can bayan gari shi kuwa yana Ƙofar Mata, ya ɗaura wa kansa wahalar da ba ta zama dole ba, musamman daren da zazzaɓi ya rufe yaro.

Ni a ganina kusanci ne sharaɗi na farko, kafin girman gini. A nemi jerin asibitocin daga ofishin hukuma, a zaɓi biyu ko uku na kusa, a taka da ƙafa a tambayi mai kula da teburin inshora: shin likita na zama kullum, ko sai ranaku? Ana buɗewa da dare? Ana gwajin jini a nan? Mafi muhimmanci duka, magani yana samuwa a ɗakin maganinsu, ko kuwa rubuta takarda ake yi a ce a je kyamis? A tsarin tarayya kashi 10 cikin 100 na kuɗin magani kaɗai mai kati ke biya, amma idan aka ce “ya ƙare” aka tura shi waje, nauyin duka ya koma wuyansa. Maƙwabta masu kati, musamman mata masu zuwa awo, sun fi kowa sanin gaskiyar wannan.

Mai iyali da yawa ya lura cewa katin tarayya yana ɗaukar mutum da matarsa guda da 'ya'ya huɗu 'yan ƙasa da shekara 18, sauran sai an yi musu ƙarin rajista da ƙarin kuɗi. Idan kuwa ciwo ya fi ƙarfin likitan unguwa, shi ne zai rubuta takardar turawa, a samo lambar izini, sa'an nan a nufi Murtala ko Asibitin Malam Aminu Kano, in ban da larurar gaggawa, wadda ba a jiran takarda dominta. Wanda kuma ya zauna da asibitinsa bai gamsu ba, ƙa'ida ta ba shi damar kai kuka ga hukuma, ta kuma ba shi damar sauya asibiti bayan wata shida a tsarin tarayya, sai ya cike takardar sauyi a ofishinta.