Sa'adu Bori: ranar da kiɗan Gobir ya hau gitar

Duk wanda ya taɓa kwana a Tsibiri daren da ake wasa a ƙofar Inna ya san sautin: goge na kuka, mata na dukan ƙwarya da ƴan sanduna, maroƙi na jera kirarin iskoki ɗaya bayan ɗaya, kowane da takensa. Garin da Sarkin Gobir Mayaƙi ya kafa bayan yaƙin Gawakuke na 1836 ya riƙe wannan gado, kuma Inna, uwar ƴan bori, tana cikin manyan fada. Ƴan kilomita kaɗan daga nan, a Maraɗi, wani saurayi ya ɗauki wannan kiɗa ya aza shi bisa gitar da ganguna na zamani. Sunansa Sa'adu, amma duniya ta san shi da Sa'adu Bori.

Sai an tuna yadda zamanin yake kafin a gane girman abin da ya yi. Lokacin Janar Seyni Kunce, waƙa ta samariya ce: a yabi ƙasa, a yi kiran noma da haɗin kai, a tafi gasar matasa a dawo da kyauta. Su kuwa ƴan orkes na birane, yawancinsu kiɗan wasu suke juyawa, yau na Kongo, gobe na Kuba ko na Gine, don shi ne ma'aikata da ƴan lise ke so a wurin rawa. Bayan rasuwar Kunce a 1987 igiya ta yi sassauci. Gasar Ɗan Gurmu, wadda aka raɗa wa sunan shahararren makaɗin nan na Tawa, ta matsa wa masu kiɗan zamani su waiwayi gida, kuma aka buɗe cibiyar koyon kiɗa ta Alhaji Taya a Yamai. Kowa ya shiga neman abin da zai tono daga garinsu. Wasu sun tono waƙar biki, wasu ta noma. Sa'adu ya je ya tono abin da mutane da yawa ke ji da dare, su yi musunsa da rana.

A nan gwanintarsa take, shi da abokan kiɗansa. Kiɗan bori ba ya da yawan kwana-kwana: ɗan gajeren taki ne ake maimaitawa, ana ƙara masa zafi har jiki ya amsa. Wanda bai iya ba, in ya ɗora shi bisa kayan Turai, sai ya kashe shi. Su kuwa sun ba gitar aikin goge, suka ba ganguna aikin ƙwarya, suka bar ƴan amshi inda suke tun asali. Abin da ya fito, ɗan birni na iya taka shi da takalmi sau-ciki, tsohuwar Tsibiri kuma tana jin sa daga rediyon maƙwabta ta san gidan da ya fito.

"Dango" ita ce kan gaba, kuma da hujja. Waƙar ba ta gaggawa. Tana tafiya tana ɗaure mai sauraro, muryar Sa'adu na hawa, amshi na mayar da ita ƙasa. "Bori", wadda ke ɗauke da laƙabinsa, ta fi fitowa fili da abin da yake nufi. "Hadiza" kuwa ta nuna mutumin ya iya sassauta murya in ya ga dama, ko da yake ba a wannan fage ya fi ƙarfi ba. Mawaƙa da dama na iya irinta, amma ba kowa ke iya "Dango" ba.

A 1994, shekarar da aka karya darajar kuɗin sefa, kamfanin Stern's na Landan ya fito da faifai mai suna Niamey Twice, wanda Sa'adu ya raba da Musa Pusi mai waƙa da Zabarmanci. Ibrahima Silla, ɗan Senegal da ya tallafi manyan mawaƙan Afirka da dama, shi ya ɗauke su. Ma'anar sunan faifan "Yamai sau biyu", alhali rabin abin da ke ciki ɗan Maraɗi ne tun daga harshe har taki. Haka aka saba: in abu ya yi kyau sai a ce na babban birni ne. A Kano da Katsina kuwa ba a jira Landan ba, kasat ta riga ta tsallaka iyaka ta Ɗan Isa cikin motocin fatake.

To, me ya sa ba a ba shi matsayin da ya cancanta ba? Ya faɗa tsakanin wuta biyu. Ƴan boko na kallon bori abin ƙauye, abin kunya a gaban baƙi. Masu wa'azi kuma, waɗanda muryarsu ta yi ƙarfi a Maraɗi cikin shekarun 1990, na kallonsa shirka tsagwaronta. Al'amarin bai tsaya a baki ba: a watan Nuwamba na 2000, cikin tarzomar ƙin bikin nunin tufafi na FIMA, an ƙona gidan Iya ta Maraɗi, takwarar Innar Tsibiri. Mai waƙa da sunan Bori a gari irin wannan, ana rawa da kiɗansa, amma ba kowa ke son a ji shi yana yabonsa ba.

Sa'adu ya rasu a haɗarin mota a 2008. Waƙoƙinsa sun koma intanet da wayoyin salula, galibi an kwafo su daga tsohuwar kasat mai shashshaka, ba shekara, ba sunan mai gitar, ba na mai ganga. Waɗannan mutane ne suka yi rabin aikin, kuma wanda ke son rubuta sunayensu sai ya bi unguwannin Maraɗi yana tambayar dattawa tun suna da rai. Daga nan ya ƙarasa Tsibiri, ya tambayi masu goge ko wane taki ne aka ara.