Gidan Wayar da Ba a Gani: Saba da Wasiƙun Ofis

'Yan'uwana ɗalibai, duk wanda ya tashi a Kontagora ya san aikin gidan waya: wasiƙa ta iso, ma'aikaci ya jefa ta cikin akwati, mai mabuɗi ya zo ya ɗauka. To, imel ɗin ofis ma haka yake. Sai dai shi gidan wayarsa wata babbar kwamfuta ce da ba a kashewa dare da rana. Ita ake kira saba, wasu kuma su ce uwar garke.

Manhajar da ke kan saba ita ce ke karɓar saƙo, ta raba wa kowane ma'aikaci nasa, ta ajiye kalandar taruka da adireshin ma'aikata. Daga cikin fitattun irin wannan manhaja akwai Lotus Notes da ta fito a 1989, da Microsoft Exchange Server ta 1996. Makaranta na iya ajiye saba tata, ko ta yi haya a wajen kamfani irin Google ko Microsoft. Mai ajiye tasa sai ya tanadi wuta da ƙwararren mai kula, domin a 2021 masu kutse sun shiga dubban sabobin Exchange a duniya. Mai haya kuwa, sirrinsa na hannun wani.

Ina ruwan ɗalibin harshe da wannan? Ruwanmu shi ne baƙaƙenmu masu lanƙwasa. Ƙa'idar aika imel da aka kafa a 1982, wato SMTP, ta dogara ne da tsarin ASCII mai alamomi 128 kacal, babu ɓ, babu ɗ, babu ƙ. Sai a 1992 aka fito da tsarin MIME, aka kuma ƙirƙiro UTF-8, waɗanda suka ba baƙaƙen wasu harsuna hanyar wucewa. Har yau, idan ba a saita manhaja daidai ba, ƙ na iya isa a matsayin alamar tambaya. Don gudun haka ne da yawa ke cire lanƙwasar tun kafin aikawa.

Ni da na koyi Hausa a matsayin harshe na biyu, na san illar haka. Bahaushe zai gane daga jimla ko "baki" ake nufi ko "baƙi", "kafa" ko "ƙafa". Mai koyo kuwa abin da ya gani shi zai furta, kuma shi zai koyar.

Gobe mu ne masu fassara da malamai da sakatarorin ofis. Idan aka ba ka akwatin imel, aika wa kanka saƙo mai ɓ, ɗ da ƙ. In suka dawo a gurguje, je wurin mai kula da saba ka nemi ya saita UTF-8. Allah ya sa mu dace.