Daga Kumasi zuwa Salaga: daren da Baba ya nuna mana taurarin da ba ya gani

Da aka rufe makaranta don dogon hutu, niyyata ita ce in yi barci. Duk malamin da ya gama duba takardun yara sama da hamsin ya san abin da nake nufi. Sai Baba ya kira ni bayan sallar isha ya ce: "Malam, ina so ka kai ni Salaga tun idon nan bai gama rufewa ba." Yana ce mini Malam ne idan zai saka ni aikin da ba zan iya ƙi ba.

Yanar ido ta kama shi shekara biyu ke nan, kuma ya ƙi yarda a yi masa aiki. Ni da maiɗakina mun yi lallashi har mun gaji. Na ce a raina, wataƙila a hanya a samu bakin zaren.

Muka ari motar ƙanin maiɗakina, muka bar Aboabo bayan sallar asuba a ƙarshen watan Agusta: ni, ita, Baba, da yara biyu. Daga Kumasi zuwa Tamale kusan kilomita 380 ne. Mun wuce Techiman, muka tsaya Kintampo muka ci soyayyar doya da yaji. Daga nan daji mai duhu ya fara ja baya, itatuwan kaɗanya suka fara bayyana. A gadar Buipe yara suka leƙa Baƙin Volta, a Yapei kuma Farin Volta. Ƙaramar, mai shekara bakwai, ta ce an cuce ta, don ruwan duka biyun ja ne.

A Tamale muka sauka gidan abokina da muka yi kwalejin horon malamai ta Bagabaga tare. Rabonmu da juna shekara tara, sai gaisuwa a WhatsApp. Matarsa ta yi mana tuwon zafi da miyar ayoyo da naman zabo. Shi Badagombe ne, amma Hausarsa ta kasuwa ta isa ya yi wa Baba ba'a har tsoho ya yi dariyar da na daɗe ban ji ba. Washegari ya ce ai ba za mu tafi mu bar shi ba, yana da ɗan'uwa mai gona a wani ƙauye kusa da Salaga, can za mu kwana.

Tafiyar kilomita 120 ɗin nan ta ci mana rabin yini. Damina ce, ga ramuka cike da ruwa, taya kuma ta yi faci sau ɗaya. Baba bai damu ba. Tun daga Tamale yake ba yara labarin kakansa, wanda ya zo Gwanja daga ƙasar Kano da jakuna, ɗauke da kanwa da tufafi, ya koma da goro. Ya gaya musu waye madugu, waye jagaba mai shige gaba. Ya ce musu kalmar zango da muke kiran unguwarmu da ita, asalinta wurin da ayari ke yada kaya ne ya kwana. Babban yarona ya ce shi ya ɗauka sunan unguwa ne kawai. Kunya ta kama ni, don ni ne malamin.

Salaga ta yau gari ne mai shiru. Mun ga tsofaffin rijiyoyin da aka san garin da su, mun tsaya a inda aka yi kasuwar bayi. Baba bai ɓoye wa yara ba, ya ce ba goro kaɗai aka sayar a nan ba, har da mutane, kuma da hannun namu a ciki. Ya ce yaƙin basasar 1892 ne ya watsa 'yan kasuwar garin, wasu suka nufi Kete-Krachi, irin su Alhaji Umaru mashahurin malamin nan, wasu kuma irin namu suka gangara Kumasi.

Da yamma hadari ya haɗu, aka sheƙa ruwa. Na fid da rai da ganin sama. Amma wajen ƙarfe tara gari ya washe tas. Ƙarshen wata ne, babu farin wata, ƙauyen kuma babu fitilar titi ko ɗaya. Muka shimfiɗa tabarmi a tsakar gida. Na karɓe wayoyin kowa, domin ido na bukatar kamar minti 20 zuwa 30 a cikin duhu kafin ya fara ganin ƙananan taurari, kuma kallo ɗaya na hasken waya ya isa ya mayar da aiki baya.

Wallahi ban taɓa sanin yarana ba su taɓa ganin sama ba sai ranar. A Kumasi hasken gari ya shanye ta. Ƙaramar ta ga farin zanen nan mai kama da hayaƙi da ya ratsa sama daga kudu, ta ce wa ya kunna wuta. Na ce mata taurari ne masu yawan gaske, nisansu ne ya sa suka haɗe.

Baba ya ce a tashe shi ƙarfe huɗu. Da muka fito, ya ɗaga kai, na san ba ya ganin komai sai duhu. Ya kira jikarsa: "Amaryata, zo nan. Dubi saman kanki, ki ɗan karkata arewa. Kin ga wasu 'yan ƙanana a cure wuri guda?" Ta ce ta gani, ta ƙirga shida. Ya ce: "Kaza da 'ya'yanta ke nan. Larabawa na ce mata Surayya. Idan ta ɓace a yamma da magariba, manomi ya gyara fartanya, ruwa ya kusa." Sai ya juya ta gabas ya ce ta nemo wadda ta fi kowa haske. Ta nuna. Ya ce: "Gamzaki. Da ya fito madugu ke cewa a ɗaura kaya."

Ni ma na sa nawa. Na ce Gamzakin asuba da Zara matar wata ta magariba abu ɗaya ne, duniya ce mai zagaya rana kamar tamu. Na ce hasken Kaza da muke gani ya yi tafiyar kusan shekara 440 kafin ya iso mu, wato ya taso fiye da shekara 200 kafin jihadin 1804. Baba ya ce: "To, ka ga wannan shi ne fatauci."

Sai yarinyar ta ja hannunsa ta ce: "Tsoho, kai ka gan su?" Ya yi shiru. Ya ce a'a, ya dai san inda suke. Ta ce ai wannan ba adalci ba ne, shi ya san sunansu, ita ke kallonsu. Ba wanda ya ƙara magana har ladan ya kira salla.

A hanyar dawowa, mun wuce Kintampo, Baba ya ce ba tare da ya juyo ba: "Malam, aikin idon nan, kwana nawa ake yi a asibiti?" Maiɗakina ta taɓa ni ta baya don kada in yi zumuɗi in ɓata lamarin. An sa mana rana a watan gobe, muna roƙon addu'arku.

Idan kuna da tsoho a gida, ku tambaye shi sunayen taurari tun yana nan, ku rubuta. Ni na dawo da guda uku a littafina, kuma da su zan buɗe darasin farko idan an koma makaranta. Baba ya ce akwai sauran, amma sai ya gan su da idonsa zai faɗa.