Kayan rijiya a Damargu: kasuwancin da rai ke rataye a kansa

A ƙasashen bakin teku akwai kantunan da ba su sayar da komi sai kayan nutso: tukunyar iska, tabarau da takalman iyo. Sana'ar ta samo tushe daga Faransa, inda Jacques Cousteau da Emile Gagnan suka ƙera na'urar shaƙar iska a ƙarƙashin ruwa a shekarar 1943. Mai irin wannan kanti ya san cewa idan ya sayar da kaya mai aibu, mai sayen ba zai dawo ya yi ƙorafi ba, domin gawarsa za a tsamo.

Damargu ba ta da teku, amma tana da rijiyoyi masu zurfin da wasu suka zarce metir 50, tana kuma da mutanen da ke sauka cikinsu domin gini ko yasa. Daga Tanut zuwa Belbeji, wadda ta zama gunduma mai zaman kanta a shekarar 2011, ɗan kasuwar da ke sayar da igiya, guga da wasaki yana ɗauke da amana irin ta wancan mai kanti.

Abu na farko da ke raya wannan ciniki shi ne sanin kaya. Wasakin da ya ci litir 40 nauyin kilo 40 ne, kuma raƙumi ko sa ke jan shi tun asuba har rana ta take. Igiyar kaba tana nuna gajiyarta, ana ganin silinta yana warwarewa. Igiyar leda kuwa ta fi ƙarko, amma idan ta daɗe shanye a rana bakin rumfa, sai ta ƙone ba tare da ido ya gane ba. Saboda haka gwanayen ƴan kasuwa ke ajiye ta cikin inuwa, kuma ba su yarda su sayar wa mai shiga rijiya igiyar da aka riga aka ja ruwa da ita, ko da shi ne ya roƙa don araha. Araha dai ba ta ado.

Na biyu shi ne sanin lokaci. Da damina tabkuna sun cika, makiyaya, Buzaye da Fulani, sun yi arewa, ciniki ya kwanta. Daga watan Maris zuwa Yuni kuwa garke duka ya dawo bakin rijiya. Wanda bai saro kayansa daga kasuwar Dole ta Damagaram ko daga Kano tun da kaka ba, zai saye su da tsada. Waɗanda suka ga karyewar darajar sefa a watan Janairun 1994, da rufe iyakar Najeriya daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020, sun koyi cewa kada a dogara ga hanya ɗaya.

Na uku shi ne bashi. Makiyayi ba ya yawo da kuɗi, sai ya kai dabba kasuwa. Wanda ya hana shi igiya a tsakiyar bazara ya rasa shi har abada. Wanda kuma ya ba kowa ba tare da littafi ko shaidar mai gari ba, jarinsa zai ƙare kafin ruwa ya sauka.

Sai dai babban haɗari ba a igiya kaɗai yake ba. Ƙasan rijiya mai zurfi iska takan gurɓace. Tsofaffin magina sukan zura fitila. Idan ta mutu, ba mai sauka. Amma hayaƙin injin jan ruwa mai aiki da mai guba ce wadda fitila ba ta nunawa, tana sumar da mutum kafin ya ja igiya, wanda ya bi shi ceto ma ya kwanta kusa da shi. Mai sayar da injin da bai faɗi cewa a bar shi a waje, nesa da bakin rijiya, ba ya cika ciniki ba.

Ya kamata magadan gari da ma'aikatan ruwa su tara ƴan kasuwa da magina kafin kowace bazara a kan wannan batu. Kada rijiya ta ba da ruwa, guga ya hana.