Laifuka 205 a shekara guda: Shirun da ake ɗauka zaman lafiya ne a Masarautar Yawuri

A rahoton da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa, wato NBS, ta fitar kan laifukan da aka kai gaban 'yan sanda a shekarar 2017, an lissafa laifuka 134,663 a faɗin Najeriya. Jihar Legas ce ta kwashi kaso mafi tsoka da laifuka 50,975, yayin da Jihar Kebbi ta zo can ƙarshen jeri da laifuka 205 kacal. Kebbi na da ƙananan hukumomi 21. Idan aka raba, kowace ƙaramar hukuma ba ta kai laifi goma ba a tsawon wata goma sha biyu.

Duk wanda ya san Shanga, ko Ngaski, ko Yawuri, ya san wannan adadi bai kama hanyar gaskiya ba. Satar shanu da babura, kwashe komar masunta ko injin kwale-kwale a bakin kwata, rikicin iyakar gona, ɓarnar dabbobi lokacin kaka: akasarin irin waɗannan a zauren mai unguwa ko dagaci ko hannun 'yan banga suke ƙarewa, wasu kuma a bar wa Allah. Mutumin ƙauyen bakin ruwa da aka sace masa akuya zai auna kuɗin jirgi da na mota da kwanakin da zai rasa a gona, sai ya ga kai ƙara ya fi asarar tsada. Wanda aka ɗauke masa ɗa kuwa tsoronsa ya fi haka, domin bai san wa zai kai labarinsa daji ba. Abin da 205 ya auna shi ne yawan waɗanda suka taka zuwa caji ofis, kuma aka rubuta ƙorafinsu.

Illar ita ce, irin waɗannan takardu ake dubawa a Abuja da Birnin Kebbi idan za a yi kasafi ko a raba jami'ai da motoci. Yankin da littafi ya nuna lafiya lau yake, shi ake mantawa da shi. Shekara huɗu bayan wancan adadi, ranar 17 ga Yunin 2021, 'yan bindiga suka shiga Kwalejin Gwamnatin Tarayya ta Birnin Yawuri da rana tsaka, suka kashe ɗan sanda, suka tafi da ɗalibai da malamai. Wasu daga cikin 'yan matan ba su dawo gida ba sai a 2023. Ko a nan, inda akwai rajistar ɗalibai, an daɗe ba a tsaya kan adadi ɗaya ba: wasu rahotanni suka ce sama da 80, wasu suka ce sama da 100. Haka aka sake gani a Nuwamban 2025 a makarantar Papiri da ke Ƙaramar Hukumar Agwara ta Jihar Neja, a tsallaken ruwa, inda aka fara da cewa ɗalibai 215 ne, daga baya aka ce 303. Idan yaran makaranta masu suna a rajista sun gagara ƙirguwa, ina ga manomin da aka tare shi kaɗai a hanyar gona?

Masana sun daɗe da sanin wannan giɓi, shi ya sa suka fito da wata hanyar: maimakon jiran mutane su zo, sai a bi su gida a tambaye su abin da ya same su. Amurka ta fara irin wannan bincike a 1973, Birtaniya ta bi a 1982. A Disamban 2024 NBS ta fitar da nata, wanda ya shafi watan Mayun 2023 zuwa Afrilun 2024. Ta ƙiyasta laifuka kusan miliyan 51.9 da suka shafi gidaje, kuma Arewa maso Yamma ce a gaba da kusan miliyan 14.4. Ta ce an biya kuɗin fansa da ya kai naira tiriliyan 2.23, kuma kashi 65 cikin 100 na gidajen da aka sace musu mutum sun biya. Cikin waɗanda aka yi wa fashi a gida kuwa, kusan kashi 36 cikin 100 ne kawai suka sanar da 'yan sanda.

Rahoton ya tayar da ƙura, musamman ƙiyasinsa na garkuwa da mutane sama da miliyan 2.2 da kisan kai sama da 600,000 a shekara guda. Masu sukar suna da hujja. Irin wannan bincike gidaje ƙalilan ake tambaya, sannan a ninka amsarsu ta wakilci ƙasa duka. Hanyar tana aiki sosai kan laifin da ya yawaita kamar satar waya. Amma kan kisa ko garkuwa, idan gidaje biyar suka ba da labarin mutum ɗaya saboda duk danginsa ne, kuskuren zai ninku sau dubbai. A ɗaya gefen, cibiyoyi irin su Nigeria Watch ta Ibadan da ACLED sun dogara sosai da abin da aka ruwaito a kafafen labarai, saboda haka ƙauyen da ba shi da ɗan jarida, wani lokaci ma ba shi da layin waya, ba ya shiga lissafinsu. Mudu uku ke nan, kowane da inda yake zuba.

Babbar matsalar ga mutumin Shanga ita ce babu mudun da ya sauko har ƙofar gidansa. Adadin Arewa maso Yamma ya cuɗa Sabon Garin Kano da Gebbe da Dugu Tsoho a kwano ɗaya. Ko an samu adadin laifin, ba a san cikin mutum nawa ba ne, tunda rabon da a yi ƙidayar jama'a tun 2006. Alhali darasin da binciken laifuka ya fi tabbatarwa shi ne laifi ba ya watsuwa daidai wa daida. A birnin Minneapolis na Amurka, binciken da Lawrence Sherman da abokan aikinsa suka wallafa a 1989 ya gano cewa rabin kiran da ake yi wa 'yan sanda daga kusan kashi 3 cikin 100 na wuraren birnin yake fitowa. David Weisburd ya samu kusan haka a Seattle, kuma ya ga wuraren ba su cika canjawa ba shekara da shekaru. Ƙauyukan bakin Tafkin Kainji ba titunan Amurka ba ne, amma tambayar ɗaya ce. Wace hanya aka fi tare mutane? Wace ranar kasuwa? Da damina ne ko bayan an sayar da albasa da shinkafa? Wace mashiga ake bi da shanun sata, kuma me ke canjawa idan ruwa ya janye? Mazauna yankin kowa na da guntun amsa a kansa, sai dai ba a taɓa haɗa guntayen a takarda ɗaya ba.

Haka batun musabbabi yake. Wani zai ce talauci ne, wani haƙar zinare, wani cinye burtali, wani ƙwaya, wani masu kai wa ɓarayi labari. Mai yiwuwa kowane na da kasonsa. Amma in babu alƙaluma, mai ƙarfin murya ne ke cin muhawara, kuma sau da yawa sai a ɗora wa wata ƙabila laifin dungurungum, a haifi sabuwar gaba. Rashin sani ya fi dare duhu.

Ƙirga ba baƙon abu ba ne a ƙasar nan. Zamanin haraji da jangali, dagatai sun san adadin magidanta da shanun da ke ƙasarsu. Da za a kammala madatsar Kainji a 1968, gwamnati ta lissafa mutum kusan 44,000 da ruwa zai tasa, aka gina musu sababbin matsugunai. Duk lokacin da hukuma ke da buƙata, ta iya ƙirga.

Saboda haka shawarata ga Majalisar Masarautar Yawuri da ƙananan hukumominta uku ita ce a buɗe littafi a kowace mazaɓa, a fara da mazaɓu goma na Shanga. A rubuta rana da lokaci da wuri da irin laifin da asarar da aka yi, har da fansa in an biya. Kada a rubuta sunan kowa, don kada littafin ya zama tarko ga mai shi. Duk wata a tattara a wurin hakimi, a gwada da littafin 'yan sanda da na asibitocin da ke karɓar masu rauni. Malamai da ɗaliban lissafi da na nazarin halayyar al'umma a Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi za su iya tace bayanan, a riƙa bayyana wa jama'a sakamakon duk wata uku.

Sharaɗi ɗaya ne mai wuya: shugabanni su shirya ganin adadi ya hau. Ranar da mutane suka fara faɗin abin da ke samunsu, alƙaluman za su yi muni kafin su yi kyau. Idan aka tsawata wa dagaci ko baturen 'yan sanda saboda littafinsa ya cika, to gobe zai kawo shi fari fat, mu koma gidan jiya na 205.

Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, amma mai gyara ba zai hau rufi ba sai an nuna masa wurin. Allah Ya zaunar da ƙasarmu lafiya, Ya ba shugabanninmu juriyar jin gaskiya.