Ƙaramin Babur Ko Babba: Aiki Ne Ke Raba Gardama

Ana yawan ɗauka cewa da zarar hannun mahayi ya faɗa, ƙaramin babur ya yi masa kaɗan. Alƙaluman kasuwa ba su gaskata haka ba. Kamfanin Honda ya fara ƙera Super Cub mai ƙaramin inji a 1958, ya zuwa 2017 kuwa ya ƙera miliyan 100. A Nijeriya ma, Bajaj Boxer mai si-si 100 ya zama jigon sana'ar acaɓa, saboda ƙarancin shan mai da arahar kayan gyara.

Abubuwan da ke tilasta sauyi su ne nauyin kaya, nisan tafiya da doka. Dokar hanya ta Jihar Legas ta 2012 ta shardanta wa masu kai saƙonni babur mai aƙalla si-si 200. Amma girman inji bai ceci kamfanin Gokada ba: haramcin ɗaukar fasinja na Fabrairun 2020 ya sa ya koma kai saƙo.

Tun da aka janye tallafin fetur a 2023, kuɗin mai ke cinye riba. Saboda haka wajibi ne ɗan kasuwa ya auna kuɗin mai da na gyara da cinikin yini kafin ya sauya babur.