Gicciyen Dutse a Bakin Hanya

A yankin Konwal da ke kudu maso yammacin Ingila akwai tsofaffin gicciyen dutse fiye da 400. An kafa da yawansu tsakanin ƙarni na 12 da na 15, a mararraba da bakin hanya, domin su nuna wa mutanen ƙauye hanyar majami'a. Masu ɗauke da gawa sukan huta a gindinsu, su yi addu'a. Da aka manta da ma'anarsu, sai aka tumɓuke waɗansu aka yi ƙofar gona da su.

A Joshuwa sura 4, an kafa duwatsu 12 a Gilgal domin yara su tambaya, iyaye su amsa. Ba ma yi wa dutse sujada, amma alamar da ba a bayyana wa yara ba, dutse ce kawai. Mu koya wa 'ya'yanmu ma'anar gicciye, a harshen da suka sha a nono.